Bukkar Da Ba Ta Da Bangon Alli

Duk mazaunin Jega ko Aliero a jihar Kebbi ya san rubutun alli da masu rigakafi ke bari a jikin ƙofa: an shiga gidan nan, yara kaza, an ɗiga wa kaza. Da allin nan ake lissafi, da lissafin kuma ake rabon magani. To, ina za a rubuta wa Bafulatanin da ya kafa bukka a bakin fadama bayan an kwashe amfanin gona, wanda kafin wata ya ƙare ya kaɗa shanunsa ya yi gaba?

Shi kansa ɗan gari da ƙyar yake sha. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 a Kebbi, 252 ba sa kaiwa shekara biyar, kashi 66 cikin ɗari kuma sun tsumbure. A lokacin, babu jihar da ta kai ta a duka biyun. Amma ko a wahala akwai na gaba akwai na baya, kuma 'ya'yan makiyaya da na 'yan ci-rani da na waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu su ne a ƙarshen layi.

Rigakafi aiki ne na mai zama wuri ɗaya. Allura ranar haihuwa, wata a mako 6, a dawo a na 10 da na 14, ta ƙyanda kuma a wata 9. A Disambar 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa, ita kuma sau huɗu ce: wata 5, 6, 7, sai 15. Uwar da ke cikin garin Maiyama za ta iya cika wannan ƙa'ida ko da maƙwabciya ce ta tuna mata. Ta ruga fa? An yi wa ɗanta ta farko a nan, lokacin ta biyu suna wata ƙaramar hukumar, na ta uku wataƙila sun tsallaka Nijar. Katin yana ƙunshe a leda cikin kayan da aka ɗora wa jaki, idan ruwa bai cinye shi ba. Malamar asibitin da ta je wa ba ta jin Fulatanci, ita kuma kunya ta hana ta tambaya.

Haka labarin tamowa yake. Tun 2022 ƙungiyar likitoci ta MSF ke kwantar da yara masu tamowa a babban asibitin Maiyama, kyauta. Sai dai kafin uwa ta bar tatsa da tallan nono ta nemi kuɗin babur, ciwon ya ci jiki. Abin takaici, mai sayar wa gari nono ce ɗanta ke ramewa, don da rani shanun kan ƙafe, ɗan abin da aka tatsa kuma a kai kasuwa a musanya da gero.

An taɓa gwada dabara, ta kuma yi aiki. Lokacin yaƙi da shan-inna, ta hannun Arɗo aka bi, aka tare makiyaya a kasuwannin shanu da mashaya, har aka ayyana Afirka ta rabu da cutar ta asali a Agustan 2020. A Chadi kuwa, likitan dabbobi da malamin asibiti mota ɗaya suka riƙa shiga: ana yi wa garke allura, ana yi wa yara. Makiyayi ba ya wasa da ranar allurar shanunsa, kuma kasuwar Jega ba ta taɓa ci babu shi a ciki ba.