Amsoshin Wasiƙunku: Na'ura Za Ta Iya Horar Da Malamin Turanci?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Lahodu, ƙaramar hukumar Wurno. Mai sauraron namu yana karatun NCE a fannin Turanci a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, kuma ya kusa fita koyarwar gwaji. Ya ce abokansa na sa ChatGPT ya rubuta musu shirin darasi, shin wai shi ma ya bi sahu?

To, malam, mun gode da wasiƙa. Da farko dai ka san ko mene ne abin. Kamfanin OpenAI na Amurka ne ya fito da ChatGPT a watan Nuwamban 2022, kuma yana cikin abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. An ɗura masa rubuce-rubuce masu tarin yawa, har ya ƙware wajen cankar kalmar da ta dace ta biyo wata. Shi ya sa Turancinsa ke fita sumul. Amma fa yakan shirga ƙarya cikin wannan Turanci mai daɗi, ko a jikinsa.

Yana da amfani, babu shakka. Ka ce ya rubuta maka gajeren labari a kan noman albasa a Wurno, ko kamun kifi a madatsar ruwan Goronyo, daidai fahimtar 'yan aji biyar, tare da tambayoyi. Yara sun fi kama karatun da suka ga garinsu a ciki. Kana kuma iya rubuta naka insha'in, ka ce ya nuna maka kurakuranka da dalilansu.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Ni ma na riƙe alli kafin na zo gidan rediyo. Ranar da yaro zai ce maka "fan" alhali "pan" yake nufi, saboda Hausa ba ta raba P da F, na'ura ba ta cikin ajin. Kai ne za ka ji da kunnenka, ka nuna masa yadda ake haɗa leɓɓa. Haka kuma in sufeto ya tambaye ka dalilin da ya sa ka fara da wannan mataki, kai za ka amsa. Wanda ya kwafo bai karanta ba, a nan zufa za ta keto masa.

Ka tuna Sardauna Ahmadu Bello ɗan Rabah ne, nan maƙwabtanku. Da ya gama Kwalejin Katsina a 1931, Turanci ya koyar a Midil ta Sakkwato, da abin da ke kansa.

Saboda haka ka fara rubuta shirin darasinka da hannunka, sannan ka nemi na'ura ta duba. Duk abin da ta ba ka, ka gwada shi da littafin manhaja da ƙamus. Ka kuma tambayi malamanka ƙa'idar makaranta tukuna.

Allah Ya ba da sa'ar koyarwa. In ka dawo, ka rubuto mana yadda ta kaya.