Facin da Ake Yi da Jinin Mai Haƙori



Ku ɗora yatsa a kumatunku, daidai gefen hanci. A ƙarƙashin wurin akwai kogon iska, kuma saiwoyin turamen sama suna dab da ƙasansa. Idan turmi ya fita aka bar wawulo shekara da shekaru, ƙashin wurin yakan zaizaye, kogon kuma ya ƙara faɗaɗa ƙasa. Ran da mutum ya je neman dashen haƙori, sai likita ya ce masa ƙashin da ya rage bai kai ya riƙe ƙarfen dashen ba.

Shi dashen na zamani ya samo asali ne daga Suwidin, inda Per-Ingvar Brånemark ya lura ƙashi yana manne wa ƙarfen titaniyam, ya kuma yi wa mutum na farko a 1965. Dabarar ƙara ƙashi a ƙasan kogon kuwa daga Amurka ta fito: Hilt Tatum ya fara ta a shekarun 1970, Boyne da James suka wallafa ta a 1980. Ana buɗe 'yar taga a ƙashi, a ɗaga tantanin da ya lulluɓe kogon, a cusa garin ƙashi a ƙarƙashinsa.

To, a nan gizo ke saƙa. Tantanin nan siriri ne kamar na cikin ɓawon ƙwai, kuma yagewarsa ita ce matsalar da aka fi gamuwa da ita a wannan aiki. Idan ya yage ba a toshe ba, garin ƙashin zai zube cikin kogon, ƙwayoyin cuta su samu hanya.

A 2001 wani likitan Faransa, Joseph Choukroun, ya fito da abin da ake kira PRF. Ana ɗiban jini daga hannun majinyacin cikin 'yan kwalabe masu cin mililita 10, ba a zuba maganin hana daskarewa, nan take a sa su a injin da ke juyawa kusan sau 3000 a minti, na kamar minti 10. Jinin sai ya rabu uku: ja a ƙasa, ruwa-ruwa a sama, a tsakiya kuma wani gudan rawaya mai danƙo. Shi ake cirowa a matse, ya zama faifai mai laushi. Cikinsa cike yake da ƙwayoyin da ke daskarar da jini da fararen ƙwayoyi, kuma yakan yi mako guda ko fiye yana sakin sinadaran da ke gaggauta warkewa. Likita yana liƙa shi a kan yagewar, ko ya rufe tagar da shi, ko ya yayyanka shi ya cuɗa da garin ƙashi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wannan: da yawa daga tantanin da kamfanoni ke sayarwa don wannan aiki daga jikin alade ake yin su, garin ƙashin kuma sau da yawa na saniya ne. Majinyaci yana da haƙƙin a gaya masa. Faifan jini kuwa daga jikinka ya fito, babu batun jiki ya ƙi shi.

Amma kada a zuzuta. Cikin mako biyu ko makamancin haka faifan ya narke, alhali ƙashi watanni yake ɗauka kafin ya ƙosa. Binciken Choukroun na 2006 ya nuna an rage jiran ƙosawar ƙashin daga wata 8 zuwa 4, sai dai a kan mutane ƙalilan aka yi, kuma nazarin da ya biyo baya bai tabbatar da cewa ƙashin yana ƙaruwa a ƙarshe ba. Ni a ganina faci ne mai kyau, ba madadin ƙashi ba ne. Mai shan taba da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, jininsu ba zai share musu haɗarin ba.

Bayan aikin, ba a fyace majina na kusan mako biyu, atishawa kuma da baki a buɗe ake yi. Ku tambayi likitan yadda za ku yi da shaƙa ruwa a alwala kafin ku bar asibitin.