Ƙasar da Ke Ƙarƙashin Eriya

Kafin manhaja irin su NEC ta lissafa yadda eriya za ta watsa zango, sai ta nemi a gaya mata irin ƙasar da ke ƙarƙashinta. Da yawa sukan danna "matsakaiciyar ƙasa" su wuce, kuma wannan ganganci ne, domin ƙasar tana cikin aikin eriyar tsundum. Abu biyu ake dubawa: yadda take barin lantarki ya ratsa ta, wanda ake aunawa da simens a kowace mita, da ƙarfinta na riƙe caji. Ruwan teku yana da kusan simens 5 da ƙarfin riƙo 80. Matsakaiciyar ƙasa tana da 0.005 da 13, wato teku ta ninka ta sau dubu wajen gudanarwa, busasshen yashi kuwa bai ma kai haka ba. Ruwan tafki, duk da ƙarfin riƙonsa ya yi daidai da na teku, rashin gishiri ya sa gudanarwarsa ba ta taka kara ta karya ba.

Inda abin ya fi cizo shi ne turken da ke tsaye, irin na gidajen rediyo masu watsa shiri a matsakaicin zango. Lantarkin yana komowa gindin turken ne ta cikin ƙasa, idan kuwa ƙasar ba ta da kyau sai wani kaso na ƙarfin ya salwanta ya zama zafi. Binciken Brown da Lewis da Epstein na 1937 shi ya sa aka saba binne wayoyi 120 kewaye da turke. Wani zai ce ai wayoyin sun magance matsalar. Sun magance ta a gindi kawai. Zangon da ke bin doron ƙasa yana ratsa kilomita da dama da babu waya ko ɗaya, kuma can ne ƙasa ke shanye shi.

Gaskiya ne eriyar da aka shimfiɗa a kwance can sama ba ta cika damuwa da ƙasa ba. Amma ko jadawalin alƙaluman ƙasa bai ishi mai turke ba, don a megahaz 1 zango yana nutsewa mita da dama cikin matsakaiciyar ƙasa, saboda haka abin da ke can ƙasa ya fi ɓawon sama tasiri. Fadama daban, jigawa daban, kuma fili guda yakan sauya tsakanin damina da rani. Wajibi ne mai lissafi ya gwada da alƙaluman ƙasa jiƙaƙƙiya, ya sake da na busasshiya, ya ga tazarar da ke tsakani kafin ya kafa turke.