Abota da Kaɗaici a Labaran Ƴan Ci-rani: Daga Kurfai zuwa Kalifoniya

Da zarar an gama girbi a ƙasar Kurfai, an ɗaure dammunan hatsi an jera a rumbu, sai a ga samari sun fara ƙaranci a ƙauyuka. Daga Shikal da garuruwan da ke kewaye da ita a kwarin Dallol Boso, ana zuwa Filinge a hau mota zuwa Yamai, tafiyar kilomita wajen 180, daga can kowa ya kama gabansa: Kwatano, Lome, Akara, Abijan, Legas, wasu kuma su yi arewa zuwa Aljeriya da Libiya. Da wuya a ga wanda ya tashi shi kaɗai. Akwai wa, ko taubashi, ko abokin da aka yi kaciya tare da shi, wanda ya san hanya ya kuma san inda za a sauka. Wanda ya tashi cikin wannan al'ada, in ya ɗauki gajeren littafin John Steinbeck mai suna Of Mice and Men, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yadda mutanen cikin labarin suke mamakin ganin ma'aikata biyu suna tafiya tare.

Littafin ya fito a 1937, lokacin da Amurka take fama da karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929. Masu karatu a Nijar sun fi saninsa da sunansa na Faransanci, Des souris et des hommes. Labarin ƴan ƙodago biyu ne masu bin gonaki a Kalifoniya. George ƙaramin mutum ne mai kaifin basira, Lennie kuwa ƙato ne mai ƙarfin gaske da hankalin ƙaramin yaro. Sun gudo daga garin Weed saboda rigimar da Lennie ya jawo, suka sami aiki a wata gona kusa da garin Soledad, ana biyan kowa dala 50 a wata. Burinsu su sayi ɗan fili nasu na dala 600, inda Lennie zai yi kiwon zomaye. Burin bai cika ba. Lennie ya kashe matar Curley, ɗan mai gonar, ba da niyya ba, kuma George da kansa ya harbe shi a bakin kogi don kada ya faɗa hannun masu farautarsa.

Mai nazarin harshe ba zai wuce sunan garin ba tare da ya tsaya ba. Soledad kalmar Sifaniyanci ce, ma'anarta kaɗaici. George ma, in ya zauna a ɗakin kwanan ma'aikata, kartar da ake bugawa mutum ɗaya yake yi. Amma abin da ya fi waɗannan alamomi nauyi shi ne ranar da suka tsaya gaban mai gonar. George ne yake amsa tambayoyi a madadin Lennie, sai mai gonar ya zarge shi da cewa cin kuɗin abokinsa yake yi, domin bai taɓa ganin wani ya ɗauki ɗawainiyar wani haka kawai ba. Dole George ya yi ƙarya, ya ce ɗan'uwansa ne, doki ya taɓa harbinsa a ka yana yaro. Wato a wannan duniya abota ba ta da sunan da za a gabatar da ita a yarda, sai ta ari rigar zumunta.

A Hausa matsalar ta juya. Kalmar aboki tana da faɗin da har yakan ruɗa mai fassara. Akwai abokin tafiya, abokin aiki, abokin hira, abokin ciniki, abokin wasa; kishiya abokiyar zama ce, maƙiyi ma abokin gaba ne. Ashe ainihin ma'anar kalmar ba ta rataya ga ƙauna ba. Aboki shi ne na biyu a cikin duk wani al'amari da ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, ko da faɗa ne. In ana son a ware wanda ake ba amana, sai a ce amini, kalmar da aka aro daga Larabci, mata kuma su ce ƙawa. Da wannan ma'auni George da Lennie abokan tafiya ne tun daga shafi na farko, kuma babu Bahaushen da zai nemi dalili. Ko sun kai aminai? Nan ne muhawara take, domin George yana riƙe da sirrin Lennie, amma Lennie ba ya iya riƙe na George. Sirri ɗaya da George ya fitar daga cikinsa, wato abin da ya faru a Weed da irin wasan mugunta da ya taɓa yi wa Lennie, Slim ya faɗa wa, mutumin da ya fara gani a ranar nan kawai.

Haka ma ɓangaren kaɗaici. Hausa ta raba abin gida biyu. Kaɗaici daga kaɗai yake, yana bayyana halin mutumin da ba kowa tare da shi. Kewa kuwa sai da wanda ake yi wa ita: kewar gida, kewar uwa, kewar aboki. Ba a jin kewar abin da ba a taɓa samu ba. Wannan bambanci yana haskaka mutanen gonar fiye da yadda kalma ɗaya ta Ingilishi ko ta Faransanci take yi. Candy, tsohon da ya rasa hannu a wurin aiki, kewa ce ta kama shi bayan Carlson ya harbe tsohon karensa, shi ya sa ya miƙa ajiyarsa ta dala 350 don a sa shi cikin zancen filin. Crooks, baƙar fata mai kula da dawakai, wanda aka ware shi a ɗaki a jikin barga saboda launin fatarsa, kaɗaici ne ya daɗe a kansa har ya zame masa hali. George kuwa ya shiga labarin ba ya cikin ko ɗaya, ya fita da duka biyun.

Yanzu a ajiye Kalifoniya a dubi gida. Labarin ƴan ci-rani na Nijar da ya fi shahara a fim yake, wato Jaguar na Jean Rouch, wanda aka ɗauka a 1954 da 1955 amma bai fito ba sai 1967. Abokai uku ne suka tashi daga kasuwar Ayeru a bakin kogin Kwara: Lam Ibrahim Dia makiyayi Bafillace, Illo Gaoudel masunci, da Damouré Zika mai ilimin boko da son kwalliya. Suka taka da ƙafa ta arewacin Dahome da Togo har bakin teku, suka zame wa ma'aikatan kwastan suka shiga Gwalkwas, ƙasar da ta zama Gana a 1957. Can suka rabu. Illo ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Akara, Damouré ya zama shugaban lebura a wurin sayar da katako, Lam ya nufi Kumasi. Daga baya suka haɗu a kasuwar Kumasi suka kafa teburin tireda. Da damina ta kusa suka koma gida, abin da suka tara cikin watanni suka rabar da shi kyauta cikin ɗan lokaci.

Yadda aka yi fim ɗin shi ne abin sha'awa ga ɗalibin harshe. Na'urar Rouch ba ta ɗaukar sauti, saboda haka bayan shekaru aka zaunar da Damouré da Lam suna kallon hotunan suna surutu a kai, aka naɗi surutun. Abin da mai kallo yake ji daga farko zuwa ƙarshe hirar abokai ce: zolaya, cika baki, gardama, tunatar da juna. Bronislaw Malinowski a 1923, da Roman Jakobson a 1960, sun yi bayanin irin maganar da aikinta riƙe igiyar hulɗa tsakanin masu magana, ko da babu sabon labari a cikinta. Gaisuwar Hausa mai tsawo, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina aiki, misali ce da kowa ya sani. Da wannan ido za a fahimci abin da yake gundurar wasu masu karatun Steinbeck, wato yadda Lennie yake matsa wa George ya maimaita masa labarin filin da zomaye alhali ya haddace shi, har yakan karɓe zancen daga bakinsa. Lennie ba bayani yake nema ba. So yake ya ji muryar, ya kuma ji wakilin sunan nan na jam'i da ya haɗa su biyu. Da Candy ya shigo, jam'in ya ɗauki mutum uku. Crooks ya leƙa na ɗan lokaci, matar Curley ta tuna masa matsayinsa, ya janye. George kuma wannan labarin yake faɗa lokacin da ya ɗaga bindiga.

Me ya sa labarin Jaguar ya ƙare da raha, na Steinbeck da gawa? Amsar tana cikin kalmar ci-rani kanta. Aikatau ci a Hausa yana ɗaukar ma'anoni da yawa, a ci kasuwa, a ci bashi, a ci sarauta, a nan kuma a ci rani, wato a shafe shi a wani wuri don a rage wa rumbun gida baki a kuma samo abin haraji da sutura. Rani yana da iyaka. Kalmar tana ɗauke da alkawarin dawowa, domin akwai gonar gado da take jiran shuka. Ma'aikatan Steinbeck ba su da daminar da za ta kira su. Filin da George yake mafarkin saye, ɗan Kurfai ya baro irinsa ne a gida. Zabarmawa ma sun ari kurmi daga Hausa suka haɗa da kalmarsu ta ɗa, suka sami kurmize, ɗan kurmi, wanda ya je kudu ya dawo. Ga kuma zango, kalmar Hausa da ta zama sunan unguwannin baƙi a biranen Gana, inda akwai sarkin zango da mai masauki, akwai masallaci, akwai wanda zai ce wannan ɗan garinmu ne ya tsaya masa. Ɗakin kwanan gonar Soledad ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ƙasar Kurfai tana da nata kaso na musamman a wannan tarihi. A 1925 ne aka fara jin labarin iskokin Hauka a yankin Filinge, ta hanyar wata mata mai suna Shibo daga Shikal, iskokin da suke kwaikwayon gwamna da kwamanda da sojan Turawa. Hukumar mulkin mallaka ta kama mabiyan ta tsare su a Yamai, amma ba a daɗe ba al'adar ta bi ƴan ci-rani zuwa Gwalkwas. Can Rouch ya ɗauki taronsu a bayan garin Akara cikin fim ɗin Les Maîtres fous na 1955. An fi karanta Hauka a matsayin martani ga mulkin mallaka, kuma hakan daidai ne. Sai dai ana iya ƙara cewa ga lebura da ɗan dako a baƙon gari, taro ne da ake saninsa da suna da muƙami, ranar da ba ya aiki.

Bai kamata a ɗauki Jaguar a matsayin cikakken hoton ci-rani ba. Tsakanin ƴan wasan da Rouch akwai abota ta shekaru, kuma mutum ba ya faɗin daren da ya kwana da yunwa in yana ba da labari gaban abokai. Fim ɗin Moi, un Noir na 1958, inda Oumarou Ganda ya fito a matsayin ɗan dako a unguwar Tireshbil ta Abijan, ya fi nuna ɗacin abin: aikin yini ɗaya, aljihu wayam, da mafarkin zama wani. Harshe ma ya ajiye shaidarsa. A Gana mata masu dakon kaya a kasuwa kayayei ake ce musu, daga kaya na Hausa da kalmar mace ta harshen Ga, wato an kira mutum da abin da yake ɗauke da shi. A kudancin Najeriya kuwa aboki ta zama laƙabin da ake jifan duk wani ɗan arewa da shi, mai gadi ne ko mai shayi ko mai gyaran takalma, sau da yawa cikin raini. Kalmar da take nufin na biyunka a gida, a Legas tana nufin wanda ba a damu a san sunansa ba.

Batun suna ya kawo zancen mata. Steinbeck bai ba matar Curley suna ba har ta mutu, kuma masu sharhi suna ɗaukar wannan a matsayin alamar cewa mallakar mijinta ce kawai a idon mutanen gonar. Mai karatu Bahaushe yana iya kuskuren fahimtar wannan, domin a al'adarsa ɓoye suna alkunya ce: mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran na ɗan fari, ana cewa matar wane cikin girmamawa. Malamin da zai koyar da littafin a Filinge ko a Yamai sai ya warware wa ɗalibai wannan, in ba haka ba za su ga ladabi inda marubucin ya nufi shafewa. Ita ce mace ɗaya tilo da take zaune a gonar, tana yawo daga ƙofa zuwa ƙofa da sunan neman mijinta alhali abokin hira take nema, kuma a ƙarshe Lennie ta samu, wanda ba ya fahimtar abin da take faɗa.

A Jaguar mata ba su da murya sam, ana ganinsu ne ana yaba kyansu. Littafin da fim ɗin duk sun bi matafiyi, babu wanda ya tsaya a ƙauye tare da amaryar da aka bari wata biyu bayan biki, ko tsohuwar da take lissafin watanni. A yau wayar salula ta sauya wani abu. Saƙonnin murya na WhatsApp suna kai da kawo tsakanin Abijan da Shikal cikin Kurfayanci tsantsa, inda fari yake hwari, tafiya take tahiya, ana cewa shina lahiya maimakon yana lafiya. Wanda ya saurari irin waɗannan saƙonni, da izinin masu su, zai tarar mafi yawan daƙiƙoƙin gaisuwa ce da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, batun kuɗin da aka aiko kuwa jimla ɗaya ce a ƙarshe.