Jabun Faifan Sarƙar Babur: Arahar da Ke Jawo Hasara a Bosso

Minna. Daga cikin kayayyakin gyaran babur da ake yawan ciniki a shagunan Bosso da kewayenta akwai faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa kansa, wato sifroket. Kowane babur yana da guda biyu: ƙarami a jikin inji, mai haƙora 14 ko 15 a yawancin ƙananan babura irin su Bajaj Boxer da Jincheng, da kuma babba a ƙafar baya, mai haƙora wajen 40. Ta kan waɗannan haƙora ne dukkan ƙarfin inji ke bi kafin ya isa ƙasa. Saboda haka ingancin ƙarfen da aka yi su da shi magana ce ta rai, ko da yake a kasuwa farashi ake fara tambaya.

Faifai na ƙwarai ana yin sa ne da ƙarfe mai matsakaicin sinadarin kabon, sa'an nan a gasa haƙoransa a sanyaya su da sauri domin su yi tauri. Wannan gashi yana cin wuta da kuɗi, shi ne kuma abin da mai neman rage tsada ke fara tsallakewa. Sai ya yanko faifan daga lallausan ƙarfe, ya shafa masa fenti, ya sa a kwali mai kama da na kamfani. A ranar saye, ido ba ya bambanta su. Bayan 'yan makonni haƙoran sukan side su lanƙwashe kamar ƙugiya, sarƙa ta riƙa tsalle a kansu. Wani lahanin kuma shi ne ramin tsakiya da bai zauna daidai ba, ta yadda a kowane juyi sarƙa za ta ɗaure a wuri ɗaya, ta saki a wani. Idan ta zame ana cikin gudu, tana iya cusawa tsakanin faifai da ƙarfen da ke riƙe da ƙafa, ƙafar baya ta ƙame nan take. Idan kuwa tsinkewa ta yi, takan fasa murfin inji ko ta sari ƙafar mahayi.

Yanayin aikin babur a wannan yanki yana ƙara gaggauta lalacewar. Baburan da ke ɗauko doya da hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwannin Beji da Garatu suna ɗaukar nauyin da ya zarce abin da aka ƙera su dominsa. Ƙurar hunturu kuma idan ta haɗu da baƙin man da ake zuba wa sarƙa, sai ta zama tamkar dutsen wasa wuƙa.

Me ya sa jabu ke rinjaye a kasuwa? Masanin tattalin arzikin Amurka George Akerlof ya yi bayanin irin wannan a shekarar 1970, da misalin tsofaffin motoci. Inda mai sayarwa ya san ingancin kaya, mai saye kuwa bai sani ba, mai saye ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, tun da ba shi da tabbacin shi aka ba shi. Ɗan kasuwar da ya saro na ƙwarai sai ya ga kayansa na kwantai, daga bisani shi ma ya koma sarin na araha. Faɗuwar darajar Naira takan zafafa al'amarin. An ga haka bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, aka sake gani bayan an saki farashin canji a watan Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Yawancin kayan gyaran daga ƙasashen Asiya ake shigo da su, su bi ta manyan dillalan Legas da Nnewi kafin su iso Minna, kuma mai shigowa da ke son riƙe tsohon farashi ba shi da wata hanya sai rage inganci.

Lissafin mai babur, a ganina, shi ne inda kuskuren yake. A ɗauka na jabu rabin kuɗin na ƙwarai ne, amma yana yin kashi ɗaya bisa uku na kwanakinsa. Sai an sayi uku kafin a cinye wa'adin guda, wato an biya ninki ɗaya da rabi, ban da ladan makaniki sau uku da yinin aikin da aka rasa. Bugu da ƙari, faifan da ya side yana cinye sarƙa, tsohuwar sarƙa ma tana cinye sabon faifai, shi ya sa masu ƙera babura ke ba da shawarar a sauya ukun a lokaci guda.

Ta fuskar doka, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, wadda aka kafa a 1971, ta ɓullo da shirin SONCAP a 2005 domin a tantance kaya tun daga ƙasar da aka yi su. Sai dai takardar shaida a tashar jiragen ruwa ba ta bin kowane kwali har shago. Rahotannin haɗura na Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa suna ware fashewar taya da shanyewar birki, amma sarƙa ba ta da rukuni nata, don haka ɓarnar tana ɓoye cikin sauran alkaluma.

Ga 'yan kasuwa, akwai gwaji mai sauƙi kafin a sari da yawa: a goga magagari a bakin haƙori. A kan wanda aka gasa sai ya zame, lallausan kuwa nan da nan zai ci. A kuma ɗaura faifan a ƙafa a juya, a ga ko yana rawa. Dillalin da ya yi haka yana iya ba da rasiɗi da alkawarin sauya kaya idan suka side kafin wa'adi, ya kuma sa farashin da ya dace da wannan alkawari. Dokar kare masu sayen kaya ta 2018 ta riga ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka samu da lahani, kuma rasiɗin ne hujjarsa.