Zaɓen Abin Sauraro Marar Igiya na Wayar Hannu

Tun daga shekarar 2001, lokacin da kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, wayar hannu ta yi ta kutsawa cikin karkara har ta zama abokiyar zaman manomi da ɗan kasuwa. A garuruwa irin su Madachi da ke ƙaramar hukumar Rano, da ƙauyukan Kibiya, aikinta ya zarce kira da amsawa, domin da ita ake sauraron karatun Alƙur'ani da wa'azi da labarun duniya. Wannan ne ya jawo buƙatar abin da ake maƙalawa a kunne, wanda jama'a suka ari sunansa daga Ingilishi suna ce masa iyafis. Da yake kalmar waya a Hausa tana nufin na'urar kanta, tana kuma nufin zaren ƙarfen da ke ɗauke da sauti, a nan za a yi amfani da "marar igiya" don kauce wa ruɗani.

Irin wannan iyafis yana aiki ne da fasahar Bluetooth, wadda kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya fara ƙirƙirowa a 1994, aka kuma raɗa mata sunan wani sarkin Denmak na ƙarni na 10. Waya tana aika sauti ta iska, kamar ƙaramin gidan rediyo, iyafis kuma ya kama. Tazarar da aka saba samu ba ta wuce mita 10 ba, kuma katanga tana rage ta. Amfaninsa ya ƙara yaɗuwa bayan 2016, lokacin da kamfanin Apple ya fitar da waya marar ramin sa igiya, wasu kamfanoni suka bi sahu.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya dubi shi ne batir. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kuma sai an biya mai caji kuɗi, iyafis ya zama baki na biyu da za a ciyar bayan waya. Ƙananan nan guda biyu da ake ajiyewa a ɗan akwati sukan yi sa'o'i kaɗan kafin a mayar da su ciki, alhali wanda ake ratayawa a wuya yana da batir mafi girma. Na wuya ya fi dacewa da mai aikin gona, domin ƙwaya ɗaya idan ta faɗa cikin kunya ko ruwan shinkafa, nemanta ya zama neman allura cikin ruwa, kuma ɗayar ba ta da wata daraja ita kaɗai. Zafi ma yana kashe batir, saboda haka barinsa a rana ko cikin rufaffiyar mota ɓarna ce. Alamar IPX4 a jikin kwali tana nuna cewa na'urar tana jure gumi da yayyafi, amma ba ta ce komai game da ƙurar hunturu ba.

Akwai wani al'amari da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. A wayoyi da yawa, igiyar iyafis ita ce eriyar rediyon FM. Mutumin da ya saba kama Rediyon Kano ko Freedom a wayarsa, idan ya koma marar igiya, zai iya tarar da rediyon ya ƙi buɗewa, sai dai ya saurara ta intanet, wato ya kashe data. Wasu ƙananan wayoyi suna da eriya a cikinsu, don haka gwaji kafin biya shi ne mafita.

Jabu kuwa ya yi yawa, musamman na sunayen da suka yi fice irin su Oraimo. Ko a kasuwar Farm Centre ta Kano aka je, ko a kantin cikin garin Rano, wajibi ne a haɗa shi da wayar da za a yi amfani da ita, a kira wani a tambaye shi ko yana jin magana sosai. Sau da yawa lasifikar tana da kyau, amma makirufon ba ya ɗaukar murya idan ana iska.

Lafiyar kunne ita ce ta fi kowane cikin waɗannan muhimmanci. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa kimanin biliyan 1.1 suna cikin haɗarin raunin ji saboda ƙarar sauti, kuma ƙwayoyin jin da ke cikin kunne idan suka mutu ba sa farfaɗowa. Iyafis da bai zauna daidai a kunne ba yana sa mai shi ya yi ta ƙara murya don ya rinjayi hayaniyar waje. Mai tuƙa babur a hanyar Rano zuwa Kibiya kuwa, toshe kunnuwansa biyu yana hana shi jin hon ɗin motar da ke bayansa. Idan lalura ta sa dole ya amsa kira, ya fi masa ya tsaya a gefen hanya.