An Neme Su a Rasha, Ashe 'Yan Sudan Ne

Mai karatu, ka ɗauka kana da rumfa a kasuwar Suk al-Shabi ta Omdurman, ko takwararta ta Khartum, kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Da sassafe mutum dubu suka yi cincirindo a bakin rumfarka, kowa sai tambayar "nawa ne wannan?", ba mai ciro ko sisi. Mai saye na gaskiya ya zo, ya rasa ta inda zai kutsa, ya juya. Ba a ɗauke maka allura ba, amma an kashe maka kasuwa. Wa za ka kama?

Irin wannan ta'asar ce wata ƙungiya mai kiran kanta Anonymous Sudan ta riƙa yi wa shafukan intanet tun daga Janairun 2023: ta turo wa shafi ambaliyar buƙatun ƙarya har ya ƙame. Ta fara da Suwidin, bayan an ƙona Alƙur'ani a Stockholm. A watan Yuni ta taɓa Microsoft, a Yuli ta hargitsa shafin eCitizen na gwamnatin Kenya. Da Ecowas ta yi barazanar tura soja Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai ta juyo kan Najeriya, ta yi iƙirarin kai wa MTN hari, har hukumar NITDA ta fitar da gargaɗi. To su wane ne?

Masana da yawa suka ce ai sunan Sudan ɗin rufa ido ne. Suna da hujja kuwa: saƙonnin ƙungiyar na farko a Telegram da Rashanci da Turanci aka rubuta su, kuma ta fito ƙarara tana abota da Killnet, masu kutsen da ke goyon bayan Rasha. Wasu ma gani suke ƙasar da ke fama da yaƙi da ɗaukewar lantarki ba za ta iya wannan aika-aika ba. A watan Agusta 'yan ƙungiyar suka tsayar da shafin X na sama da awa biyu, suna neman Elon Musk ya buɗe Starlink a Sudan. Ɗaya daga cikinsu har fasfonsa ya nuna wa wakilin BBC don a yarda shi ɗan Sudan ne. Da kai ne, mai karatu, za ka gaskata mai ɓoye fuska don ya nuna maka takarda?

Nan ne labarin ya fi daɗi. Mai kutse na iya yin suna goma, amma ba ya aiki a iska. Sai ya yi hayar manyan kwamfutocin da zai harba harin daga cikinsu, hayar kuwa tana son adireshin imel. Sai ya karɓi kuɗi, domin 'yan Anonymous Sudan sun riƙa sayar da makaminsu ga mai so, da sunaye irin su Godzilla da Skynet da InfraShutdown. Kuma duk lokacin da ya shiga wani asusu, na'urarsa tana barin lambar hanyar da ta biyo. Kowane kamfanin da ya yi mu'amala da shi yana riƙe da guntu ɗaya, wanda shi kaɗai ba ya nuna komai. Kamar a kasuwa ne: mai shayi ya san muryar mutum, mai canji ya san sa hannunsa, ɗan kamasho ya san motar da yake hawa. In ba su zauna tare ba, kowa zai rantse mutum daban ya gani.

Sai suka zauna tare. Amazon da Akamai da Cloudflare da CrowdStrike da Google da Microsoft da PayPal da wasu kamfanoni suka taimaka wa hukumar FBI, aka yi ta gwama wannan guntu da wancan. A Maris ɗin 2024, da izinin kotu, aka ƙwace manyan kwamfutocin da ke sarrafa makamin. Tun daga nan aka ji ƙungiyar tsit.

Ranar 16 ga Oktoban 2024 masu gabatar da ƙara a Los Anjalas suka buɗe takardar tuhuma. Ba sunan wani janar na Mosko a ciki. Wa da ƙane ne, 'yan Sudan: Alaa Salah Yusuuf Omer mai shekara 27, da Ahmed Salah Yousif Omer mai shekara 22 a lokacin. Ana zarginsu da tafiyar da makamin da aka kai hari sama da 35,000 da shi cikin kusan shekara guda, da jawo asarar fiye da dala miliyan 10 a Amurka kaɗai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne asibitin Cedars-Sinai na Los Anjalas. A Fabrairun 2024 harin ya sa sashen gaggawa ya yi kusan awa takwas yana tura marasa lafiya wasu asibitoci. A daidai lokacin, asibitocin Khartum da Omdurman suna rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda yaƙi. Wanda ya san wannan zafin a gidansu, ya zai ɗora shi kan majinyacin da bai san hawa ba, bai san sauka ba? Mai karatu, da mahaifiyarka ce a motar asibitin da aka juya, me za ka ce musu?

Bisa tuhumar, in kotu ta same su da laifi, wan zai iya shan ɗaurin shekara biyar. Ƙanen, wanda aka ɗora wa harin asibitin, zai iya shan ɗaurin rai da rai.